Daga Zanen Dutse Zuwa Hoton Waya: Wa Zai Adana wa Bauci Kamanninta?

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya kafa birnin Bauci a cikin shekarar 1809, ya rasu a 1845. Shekara shida kafin rasuwarsa, watau a 1839, aka yi shela a birnin Paris ta ƙasar Faransa cewa wani mutum mai suna Louis Daguerre ya gano dabarar kama kamannin mutum a jikin farantin ƙarfe ta hanyar haske. Dabarar ba ta iso ƙasar Hausa ba sai bayan shekaru masu yawa. Saboda haka a yau mun san ganuwar da Yakubu ya gina, mun san ƙofofinta, mun san zuriyarsa da ke kan gadon sarauta, amma babu mahalukin da zai iya cewa ga yadda fuskarsa take.

Yanzu kuwa yaron da ya fito kallon hawan salla a Ƙofar Wunti yana iya ɗaukar hoto ɗari da wayar hannunsa kafin azahar, abin da sarakunan farko ba su sami ko guda ɗaya ba. To, a nan ne tambayoyi suke tasowa. Shin ɗaukar hoto fasaha ce kamar gini da ɗinki da waƙa, ko kuwa aikin na'ura ne kurum wanda kowa ya danna ya iya? Kuma daga cikin ɗimbin hotunan nan da muke ɗauka, guda nawa ne za su kai ga jikokinmu?

Masu zanen farko

Tun kafin a kafa garin Bauci, tun kafin a san takarda da alƙalami a wannan yanki, akwai mutanen da suka ji ba za su iya barin abin da idonsu ya gani ya wuce haka nan ba. Shaidarsu tana nan a jikin duwatsu. A Dutsen Zane da ke kusa da Geji cikin ƙasar Toro, akwai siffofin shanu da namun daji da mutane waɗanda aka zana da jan launi a cikin kogo. Akwai irinsu a Shira, da Dutsen Damisa kusa da Gumje, da kuma Shadawanka a gefen birnin Bauci kansa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Hamo Sassoon, ya bayar da labarin zanen kogunan da ke kusa da Bauci a cikin wata mujallar masana ta Ingila a 1960, kuma duk wuraren nan da muka zana suna cikin jerin wuraren tarihi da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki alkawarin karewa.

Babu wanda ya biya waɗannan mutane ladan aikinsu, kuma ba su sa suna ba. Sun nemo jar ƙasa, sun niƙa, sun kwaɓa, sa'an nan suka tsaya a gaban dutse suka fitar da ƙahon sa da lanƙwasar wuyansa yadda duk makiyayin da ya gani zai gane. Aikin nasu ya yi amfanin da su kansu ba su zata ba. Alal misali, zanen da ke duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa ya nuna shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a wannan yanki yanzu. Da mai zanen bai zana ba, da wannan labari ya tafi tare da shanun.

Fasahar da ta kauce wa sura

Da Musulunci ya kafu, sai hikimar masu fasaha ta bi wata hanya dabam. Malamai sun yi hani ga sassaƙa gumaka da surar abu mai rai, saboda haka magini da maɗinki da marubuci suka zuba basirarsu a kan layi da kusurwa da ƙulli. Daga nan muka sami dagi a goshin soro, da aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga, da zanen ƙwarya, da allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani.

Ƙasar Bauci tana da babban rabo a wannan fanni. A Kafin Madaki, arewa da birni, akwai Gidan Madaki, wanda ake jingina gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin nan da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. An sa gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1956. Wanda duk ya shiga ya ɗaga kai ya dubi yadda bakunan ginin suka tashi daga bango suka haɗu a sama, da ƙasa da azara kaɗai, ba ƙarfe ba siminti, zai san cewa wanda ya yi wannan ya ga ɗakin a zuciyarsa tun kafin a ɗora tubali na farko. Wannan gani na zuci shi ne asalin kowace irin fasaha, kuma za mu sake komowa kansa.

Da kyamara ta zo, sai malamai suka sami sabuwar mas'ala. Waɗansu suka ce hoto sura ne, hukuncinsu ɗaya. Waɗansu kuma suka ce mai ɗaukar hoto bai ƙagi kome da hannunsa ba, inuwar da Allah ya halitta ce ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Daga cikin masu wannan ra'ayi har da Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya kuwa wallafa ɗan littafi musamman a kan haka. Har yanzu akwai saɓani, kuma kowane ɓangare yana da hujjojinsa. Amma bukata ta yi nata aikin, gama tun da aka wajabta fasfo ga maniyyaci, dattijon da bai taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara ba ya gyara rawaninsa ya zauna. A gidaje da yawa, wannan ɗan ƙaramin hoton fasfo na aikin Hajji shi kaɗai ne abin da ya rage na kamannin kaka.

Yadda akwati yake kama inuwa

Asalin abin ba wani sihiri ba ne, kuma yaran da suka girma a ɗakin soro sun sha ganinsa. In mutum ya shiga ɗaki da tsakar rana ya rufe ƙofa ruf, in akwai 'yar huda a jikin ƙyauren, wani lokaci zai ga siffar masu wucewa tana tafiya a jikin bango, amma kai a ƙasa ƙafa a sama. Dalili kuwa shi ne haske a miƙe yake tafiya: wanda ya taso daga kan mutum ya bi ta hudar sai ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafa ya hau sama. Malamin nan Alhasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin wannan a cikin littafinsa Kitabul Manazir. Kyamara dai ɗakin nan ne aka ƙanƙanta shi ya zama akwati, aka sa gilashi a bakin hudar.

Abin da ya gagara shekaru aru-aru shi ne yadda za a hana inuwar gushewa. Maganin ya fito daga azurfa, domin akwai wani gishirinta da yake yin baƙi in haske ya taɓa shi. In aka shafa shi a jikin gilashi ko fim, inda haske ya yi yawa sai ya yi duhu, inda ya yi kaɗan ya zauna fari. Shi ya sa in ka ɗaga tsohon fim ka duba za ka ga farar riga ta zama baƙa, baƙar fuska ta zama fara. Sai an shiga ɗakin duhu an sake haska shi a kan takarda, an tsoma a ruwan magani, kana hoto ya fito daidai. Daga nan ne muka sami kalmar wanke hoto, wadda har yau muke faɗi ko da yake injin da ke buga hotunan yanzu ba ya bukatar ko ɗigon ruwa a hannun mai shi.

A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak, wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta. Tun daga ran nan ɗaukar hoto ya fara fita daga hannun ƙwararru kaɗai.

Kyamara ta iso Bauci

Turawan farko da suka shigo Bauci, irin su Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, dukansu Jamusawa, da alƙalami suka kwatanta garin. Kyamara ta zauna sosai ne bayan da sojan Ingila suka ci garin a 1902. Razdan da Di'o da likita da matansu suka riƙa ɗaukar fada da kasuwa da 'yan doki, suna liƙawa a littafin hotuna, in sun gama aiki su tafi da shi gida. Da yawa daga irin waɗannan hotuna na ƙasashen da Ingila ta mallaka suna ajiye yanzu a ɗakunan karatu na Oxford da Kambirij da ma'ajiyar takardun gwamnati a London, wadda ta sa dubban hotunan Afirka a intanet a 2011. Sai dai akwai abin lura a cikinsu. Baturen da ke tsaye a hoton galibi an rubuta sunansa da muƙaminsa, amma mutanen gari sai a ce wani ɗan kasuwa, ko wata mata mai tallan nono. Wanda ya riƙe kyamara shi yake zaɓen wanda za a tuna da sunansa.

A bakin teku kuwa 'yan ƙasa sun riga mu karɓar sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton nan na Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa bayan da Turawa suka kama shi a 1897. A nan Arewa ma, masu shagon hoto na farko galibinsu mutanen Kudu ne da suka biyo hanyar jirgin ƙasa da aikin gwamnati, kuma jirgin ya iso Bauci a 1961. Daga hannunsu 'ya'yan gari suka koya, yaro ya fara da share shago da riƙe fitila, har ya kai ga shiga ɗakin duhu.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta da shagon mai hoto ranar salla ba. Ga labule an zana masa benaye ko jirgin sama, ga kujera da furen roba, ga rediyo ko wayar tarho wadda ba ta haɗe da kome. Saurayi ya karkata hula ya ɗaga hannu don agogo ya fito. 'Yan mata sun yi anko sun jeru, kowace ta ɗora hannu a kafaɗar ƙawarta don a ga lalle. Bayan kwana uku a dawo a karɓa. Da aka ƙirƙiro Jihar Bauci a watan Fabrairu na 1976, ma'aikata suka cika gari, bukatar hoton fasfo da na biki da na taron gwamnati ta ƙaru, sana'ar ta yi kasuwa. Wani zai ce hotunan nan na shago wasa ne, tunda rediyon ba na saurayin ba ne. Amma sun adana abin da ba a rubuta a kowane littafi ba, watau yadda talaka yake so a gan shi, da abin da yake buri a zamaninsa.

Ina gwanintar take?

Masu cewa hoto ba fasaha ba ne hujjarsu ita ce na'ura ce take yin aikin. Amsar wannan tana wurin hawan salla. A tsayar da mutum goma a ƙofar fadar Sarkin Bauci, kowa da kyamara iri ɗaya, a sa su ɗauki mahaya suna jafi. Tara za su kawo hoton dawaki da ƙura da bayan kawunan 'yan kallo. Ɗaya ne zai kawo hoton da in ka duba sai ka ji kamar ƙarar kofato a kunnenka, domin ya san inda doki zai ja birki, ya riga ya durƙusa a wurin, ya jira har lokacin da linzami ya ɗaga kan dokin, mashi ya yi sama, sa'an nan ya danna. Shi ma, kamar Babban Gwani, ya ga abin a zuci kafin ya auku.

Abu na biyu shi ne sanin haske. Mai hoto a ƙasarmu yana da wata wahala ta musamman, wato baƙar fuska a cikin farar riga da farin rawani. In ya auna haskensa da rigar, fuska ta dushe ba a ganin ido. In ya auna da fuskar, aikin da maɗinki ya yi wata uku yana yi a ƙirjin riga ya wanke ya zama fari fat. Daɗin daɗawa, shekaru da yawa kamfanonin fim mai launi da fatar Turawa suke gwada kayansu, saboda haka fim ɗin kansa bai san mu ba. Tsofaffin masu hoto sun koyi maganin abin da gwaji: su kauce wa tsakar rana, su nemi hantsi ko la'asar sakaliya, su tsayar da mutum a bakin zaure inda haske yake shigowa ta gefe guda. Sun kuma san cewa hazon hunturu, wanda direba yake tsinewa, shi ne yake tausasa rana har duwatsun da ke kewaye da gari su fito kamar an zana su da toka.

Abu na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne sanin mutane. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta ba da labari ga wanda ba ta amince da shi ba. Mutum in ya tsaya gaban kyamara sai ya sandare kamar soja a fareti. Gwani yakan yi ta jansa da hira, ya tambayi iyali, ya yi barkwanci, har kafaɗa ta sauka, mutumin ya koma kansa. Da wannan ne Seydou Keita, wanda ya buɗe shago a Bamako a 1948, da Malick Sidibe, wanda aka bai wa babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Venis a 2007, suka yi suna a duniya, alhali aikinsu bai wuce irin na masu shagon hoto na garuruwanmu ba. J. D. Okhai Ojeikere kuma tun daga 1968 ya bi matan Nijeriya yana ɗaukar kitso, har ya tara wajen hoto 1,000. A kusa da mu, Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara a 2015 tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, don duniya ta ga cewa akwai sauran rayuwa a Barno ban da labarin tashin bom.

Hotunan Abubakar

Babu ɗan Bauci da aka ɗauka hoto kamar Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai shi ranar 1 ga Oktoba 1960 a Ikko yana karɓar takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra. Akwai shi tare da Shugaba Kennedy a Amurka a watan Yuli na 1961. Tun 1979 kuma fuskarsa take kan takardar Naira 5, har yaron da bai san tarihinsa ba ya san rawaninsa.

Duk da haka, hoton da mutane suka fi yaɗawa a yau wani ne dabam, wanda aka ɗauke shi ya zo hutu gida, yana zaune a ƙasa tare da 'ya'yansa ƙanana suna shan rake. Ba kujerar mulki, ba ɗan sanda a bayansa. Duk lokacin da aka shiga zancen shugabanni da dukiyar jama'a sai wani ya fito da wannan hoto, kuma ba ya bukatar ya ƙara magana a kai. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sauƙin kan marigayin, amma gani ya kori ji. Abin takaici, hoton yana ta yawo daga waya zuwa waya ba tare da sunan wanda ya ɗauka ba, kamar dai masu zanen Geji.

Kabarinsa ma, wanda aka buɗe ginin da ke kewaye da shi a 1979, darasi ne a kan haske. Mai ziyara yakan fara bi ta wani lungu mai duhu, wanda aka ce yana nufin zamanin mulkin mallaka, haske yana ɗan tsattsafowa kaɗan kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake, ba rufi, sai sararin sama. Wanda ya tsara ginin da duhu da haske ya ba da labari, kayan aikin mai hoto ke nan.

Akwai kuma wani darasin a littafinsa Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Shekaru da dama an ɗauka fim ɗin ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. To, in aikin da ya shafi Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga akwatin fim ɗin wani mai shago a Bayan Gari?

Zamanin waya

A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko da ba ta bukatar fim. Ƙirƙirar nan ita ta zo ta karya kasuwar fim, har kamfanin ya kai kansa kotu a 2012 yana neman kariya saboda bashi. A Nijeriya wayar hannu ta fara yaɗuwa a 2001, ba a daɗe ba kuma kyamara ta koma cikinta. Alherin wannan a bayyane yake. Matan aure da ba su zuwa shago yanzu suna da hotunan 'ya'yansu, manomi yana aika wa malamin gona hoton tsutsar da ta kama masa masara, matasa maza da mata kuma suna cin abinci da ɗaukar hoton biki.

Amma akwai hasara iri uku da ya kamata mu dube su. Ta farko, mai fim mai hoto 36 yakan yi tunani kafin ya danna, gama kowane dannawa kuɗi ne. Wanda ba ya biyan kome ba ya jira, wanda ba ya jira kuwa da wuya ya koyi gani. Ta biyu, hoton takarda yakan shekara 60 a ƙasan adaka, amma na waya ranar da aka sace ta a kasuwa, ko ta faɗa ruwa, ko aka manta lambar sirri, shi ke nan, hoton suna da na aure da na mahaifin da ya rasu duk sun tafi. Ba mamaki jikokinmu su sami hoton kakanninmu na 1975 su rasa namu.

Ta uku ita ce ta mutunci da gaskiya. Mai hoto na da yakan nemi izini. Yanzu in mota ta faɗi a hanyar Jos ko ta Gombe, kafin a sami mai ɗauko ruwa an sami masu ɗaga waya, har iyalin mamaci su fara ganin gawarsa a Facebook kafin a zo musu da ta'aziyya. Mai ba da sadaka ba ya miƙa wa marainiya kwanon shinkafa sai an ɗauka. Ga kuma sabon abu, kwamfuta tana iya ƙaga hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ta sa malami ko basarake a wurin da bai taɓa zuwa ba. A gari irin Bauci, inda kabilu da addinai suke zaune tare, hoton ƙarya guda ɗaya yana iya jawo abin da za a shekara ana da-na-sani. Karin maganar nan ta gani ya kori ji yanzu tana bukatar gyara, sai an tambayi wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe.

Abin da ya kamata a yi

Maganar adanawa ita ce ta fi gaggawa, domin tsofaffin masu shago suna ƙarewa, magada kuma ba su san darajar kwalayen fim da suka tarar a ɗaki ba. Zafi da laima da gara suna cinsu, wani lokaci ma a zubar a bola don a sami wurin ajiye kaya. A cikin waɗannan kwalaye akwai ganuwa kafin a cinye yawancinta da gine-gine, akwai ƙofofin gari kafin a sake su da siminti, akwai hawan salla na zamanin Sarki Adamu Jumba, akwai giwayen Yankari na farkon shekarun da aka buɗe dajin ga 'yan kallo a 1962.

An yi irin wannan ceto a wani wuri. Solomon Alonge, mai hoton fadar Bini wanda ya rasu a 1994, ya adana gilasai da fina-finansa cikin tsari. Gidan tarihi na Smithsonian a Amurka ya karɓe su ya gyara, aka nuna su a Washington a 2014, sa'an nan aka kawo nunin Bini a 2017, mutane suka zo suna nuna iyayensu da yatsa. Abin kunya ne a ce kullum sai baƙo ya zo ya nuna mana darajar abin da ke ɗakinmu.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Bauci da Majalisar Masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su haɗa kai da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, a keɓe ɗaki guda na hotunan Bauci. A bi tsofaffin masu hoto da magadansu gida gida, a sayi abin da za su sayar, a kwafi abin da ba za su rabu da shi ba, a rubuta sunan mai ɗauka a jikin kowane hoto. A zaunar da dattawa su faɗi sunayen waɗanda ke ciki tun suna da rai, gama hoton da ba a san ko wane ne ba rabin amfaninsa ya tafi. A nemi kwafin hotunan da ke Ingila a dawo da su. A kuma sa ido a kan duwatsun Geji da Shira da Shadawanka, kada hayaƙi da masu fasa dutse da yara masu rubuta sunansu da gawayi su shafe abin da ya daɗe yana jiranmu.

Mai karatu ma yana da nasa aikin, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi. A ɗauko tsofaffin hotunan gida, a je wurin wanda ya fi kowa shekaru, a rubuta suna da wuri da shekara a bayan kowane ɗaya da fensir, don tawadar biro tana huda takarda. A raba su da laima da hasken rana. Daga cikin na waya kuma, a zaɓi ko guda goma a shekara a kai a wanke. Matasa masu sha'awar sana'ar su nemi tsofaffin hannu su durƙusa su koya, gama da tsohuwar zuma ake magani, su kuma tuna cewa neman izini kafin a ɗaga kyamara yana cikin ladubban aikin.

Yakubu ya tafi da kamanninsa don a zamaninsa babu dabarar tsare su, ba wanda zai ga laifin mutanen wancan lokaci. Mu kuwa dabarar tana cikin aljihun kowa, saboda haka ba mu da uzurin da za mu bai wa na baya. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace tun lokaci bai ƙure ba.